Tanderun Darby da Kalmar Tama

A Coalbrookdale da ke Ingila akwai wani tsohon tanderun narkar da tama wanda aka gina wa rumfa don kada ruwan sama ya cinye shi. A cikinsa ne Abraham Darby ya narkar da tama a shekarar 1709 da gasasshen kwal a maimakon gawayin itace, abin da ya buɗe hanyar samun ƙarfe mai yawa da araha. Jikansa ne ya gina gadar ƙarfe a kan Kogin Severn a 1779, kuma a 1986 UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Ranar da na ziyarci wurin, na ciro littafina na shiga rubuta yadda tanderun yake aiki, da Hausa. Ta sama ake zuba tama da kwal da dutsen farar ƙasa. Manyan zugazugai, waɗanda ƙarfin ruwa ke motsawa, su ne ke hura iska ta ƙasa. Narkakken ƙarfe ya taru a gindi, kashin maƙera ya taso a kansa. Harshena bai gaza mini ba, domin kakanninmu sun san wannan aiki tun zamanin mazauna Dutsen Dala.

Da na dawo, na karanta wa ɗalibaina bayanin, sannan na tambaye su ma'anar tama. Aji ya yi tsit. Can wani ya ce ko tamma nake nufi, ta kuɗi. Ban yi dariya ba, don ba laifinsa ba ne. Tun da ƙarfen Turai da tarkacen motoci suka wadata a kasuwanninmu, aka daina haƙar tama, maƙeri ya koma ƙera abin da ya saya. Uwar maƙera da masaba da awartaki suna nan a bakin mutane saboda ana aiki da su. Kalmomin narkarwa kuwa sun rage a bakin tsofaffi kaɗai.

Saboda haka na sauya aikin gida na wannan zango. Kowane ɗalibi zai je maƙerar garinsu, ya gaida dattijon da ya fi kowa shekaru, ya tambaye shi yadda iyayensa suke fitar da ƙarfe daga dutse, ya rubuto kowace kalma yadda ya ji ta.