Hoton da Muka Ƙi Ɗorawa

Shekara tara ke nan ina riƙe da littafin kuɗin wata ƙaramar ƙungiyar tallafa wa marayu a unguwarmu. A da, neman gudummawa aikin ƙafa ne: mu buga wasiƙa, mu bi 'yan kasuwa shago-shago, mu jira attajiri a zaure har la'asar sakaliya. Yau lambar asusu kawai muke sakawa a WhatsApp da Facebook, sai waya ta fara ƙara: dubu biyu daga Kaduna, dubu biyar daga wani ɗalibi a Masar.

Manyan ƙungiyoyi sun riga mu ganin ƙarfin wannan hanya. A 2014, da mutane suka riƙa sheƙa wa kansu ruwan ƙanƙara suna yaɗa bidiyon, ƙungiyar ALS Association ta Amurka ta tara dala miliyan 115 cikin 'yan makonni don yaƙi da wata cuta mai shanye jiki. Taron ƙananan hannuwa ya yi abin da a da sai attajirai.

Sai dai waɗannan hannuwa ba sa motsi sai ido ya gani. Bara wani yaronmu ya buƙaci tiyata. Abokan aikina suka ce a ɗauki hotonsa a gadon asibiti, domin mun sha gwadawa: roƙo mai fuska yana cika cikin kwana biyu, roƙon albashin malami ko kuɗin hayar aji kuwa sai ya shekara ba a waiwaye shi ba. Da na nemi izinin mahaifiyarsa, ta sunkuyar da kai ta ce, “Malam, zai warke ya girma, hoton kuma yana nan yana jiransa.”

Ba mu ɗora ba. Takardar likita muka saka bayan mun rufe sunan, muka riƙa wallafa rasit na duk abin da ya shigo da wanda ya fita. Kuɗin suka zo a hankali, aka ɗage aikin da mako uku, yaron yana fama da ciwo. Har yau ina tambayar kaina ko ni ke da hurumin saya masa sutura da waɗannan makonni.

Abin da ya ɗan kwantar min da hankali ya zo daga baya. Da yawa daga cikin waɗanda suka bayar saboda rasit sun ci gaba da turo wani abu kowane wata, kuma da kuɗinsu muke biyan malamin nan yanzu. Masu bayarwa saboda hoto kuwa ba kasafai muke sake jin ɗuriyarsu ba.