Gudun Asabar: Kilomita Nawa Ya Isa?

A watan Oktoba na 1924 ba a haife ni ba, amma a watan Oktoba na 2024 na yi tafiya irin ta wanda aka haifa a shekarar nan. Ina dogara sanda, uwargidana tana riƙe da jakata, yara kuwa suna bayanmu suna ƙunshe dariya. Abin da ya jawo mini wannan gudu ne, gudun da ba wanda ya kore ni.

Ga yadda abin ya faru. Ni malamin makaranta ne a Bukuru, shekaruna arba'in da takwas. A 2022 likita ya auna ni ya ce ina da hawan jini. Maganar ta shiga jikina ƙwarai, gama ciwon nan ne ya shanye wa mahaifina rabin jiki, muka yi jinyarsa shekara huɗu. Aka ba ni magani, aka ce in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Na fara da tafiya, daga baya na tambayi likita ko in yi gudu, ya yarda. Kafin shekara biyu ina iya gudun kilomita 10 ba tsayawa. Sai ɗana na fari, wanda ke karatu a Abuja, ya ce, "Baba, akwai tsere a nan ƙarshen shekara. Rabin maraton ne. Ka zo mu yi tare."

Maraton shi ne abin da ake ce wa gudun yada-ƙanin-wani a rediyo. Tsawonsa kilomita 42.195, watau tsawon da aka yi a wasannin Olimfik na London a 1908. Rabinsa kilomita 21 ne da ɗan ɗoriya. Gwanaye suna gama shi kafin awa guda ta cika. Jacob Kiplimo na Yuganda ya yi shi cikin minti 57 da daƙiƙa 31 a Lisbon a 2021. Irinmu kuwa sai awa biyu da rabi, in an yi sa'a.

Duk mai shirin irin wannan tsere yakan ware rana ɗaya a mako ya yi gudu mai nisa fiye da na sauran kwanaki. Ni Asabar na zaɓa, da asuba, domin Lahadi akwai sujada, kuma in ba a fita da wuri ba ranar Asabar biki zai cinye ta. Tambayar da ta dame ni ita ce, wannan dogon gudu kilomita nawa zai zama? Na yi lissafi irin na malamin makaranta. Yaron da zai rubuta jarrabawa dole ya gama manhaja. Tun da tseren 21 ne, in ban taɓa yin 21 ba, da wane ido zan tsaya a layi? A lokacin mafi nisan da na taɓa yi 12 ne. Ran wata Asabar na ɗaura kambas, na kama hanyar Vom, na ce yau sai 21.

Na yi shi kuwa. Kada mai karatu ya ce na kasa. Daga kilomita 17 gefen gwiwata ta dama ya soma zafi kamar ana soka mini tsinke, na cije na ƙarasa. Na dawo gida ina alfahari. Kashegari na kasa sauka daga matakalar majami'a sai da aka riƙe ni. A asibiti aka ce jijiyar da ta bi ta gefen cinya zuwa gwiwa ce ta kumbura, in bar gudu mako shida. Tseren kuwa saura mako biyar. Kuɗin rajista ya tafi, yaro ya yi gudunsa shi kaɗai, awon jinina kuma ya sake hawa domin zaman da na yi. Wannan na ƙarshe shi ya fi tsorata uwargida. Ta ce, "Maigida, an ce ka yi gudu domin ka daɗe tare da mu, ba domin ka burge kowa ba." Ban sami abin amsawa ba.

Akwai wani dattijo da ya yi aikin malamin wasanni a makarantarmu kafin ya yi ritaya, mutumin Pankshin ne, ƙasar da ta yi suna wajen masu dogon gudu. Ya zo gaishe ni, na ba shi labari. Ya yi dariya har da hawaye, sa'an nan ya ce, "Malam, ai ka riga ka yi tserenka. Sai dai ba wanda ya gani, ba a kuma ba ka lamba ba." Ya bayyana mini abin da ban taɓa tunani ba. Zuciya da huhu sukan saba da gudu cikin makonni kaɗan, amma jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi suna ɗaukar watanni. Shi ya sa mutum yakan ji numfashinsa lafiya, ya zaci ya isa, alhali gwiwa ba ta sami labari ba tukuna.

Da na warke na shiga bincike, ɗana yana aiko mini da abin karantawa ta waya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, masu koyar da gudu ba su ce dole sabon shiga ya yi tsawon tseren tun a gida ba. Hal Higdon, Ba'amurke da ya daɗe yana tsara wa sababbi shiri, yana da tsari na mako 12 wanda gudu mafi nisa a cikinsa mil 10 ne, watau kilomita 16. Jack Daniels, wani mashahurin mai horarwa na Amurka, ya auna abin ta wata hanya dabam. Ya ce dogon gudu kada ya wuce kamar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na dukan gudun mako, kada kuma ya wuce awa biyu da rabi. Da na duba littafina na bara, a makon da na ji ciwo na yi kilomita 33 ne duka, 21 daga ciki a rana guda. Jaki ɗaya na ɗora wa kayan ayari.

Sai dai zan faɗi gaskiya, ƙa'idar kashi 30 ba ta yiwu gare ni ba. Mai gudun kilomita 40 a mako, in ya bi ta, ba zai wuce 12 ba, 12 kuwa ta yi kaɗan ga mai fuskantar 21. A ganina ƙa'idar ta fi dacewa da waɗanda ke gudu kusan kullum. Mu masu aiki da iyali, abin da na tsayar wa kaina shi ne dogon gudun kada ya kai rabin na mako. Na ƙara rana ɗaya, ya zama Litinin, Laraba da Alhamis ina yin 7 ko 8, Asabar kuma mai nisa.

Abu na biyu ya fito a 2025. Masu bincike na Jami'ar Aarhus a Denmak sun bi sawun masu gudu fiye da 5,000 ta agogon da suke ɗaurawa. Suka ga cewa hatsarin jin ciwo yana ƙaruwa sa'ad da gudun rana ɗaya ya zarce mafi nisan da mutum ya yi cikin kwana 30 da suka wuce da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Ni kuwa daga 12 na yi tsalle zuwa 21, ƙarin kashi 75 ke nan. Da na karanta sai na ji kamar an leƙa littafina ne aka rubuta. Ashe abin da zai faɗa maka nisan gudun wannan Asabar ba tseren da ke gabanka ba ne, gudun da ka yi a makonnin baya ne.

Saboda haka a Satumba na 2025 na sake farawa daga 10. Na yi 10, 11, 12, sa'an nan na sauko 8 domin jiki ya huta. Na yi 13, 14, 15, na sauko 10. Makon saukowar nan ya fi kowanne wuya, ba ga ƙafa ba, ga zuciya, gama mutum yakan ji kamar yana ha'inci. Bayan haka 16, da 17. A nan muka yi gardama da dattijona. Shi ya ce 16 ta isa, in tsaya. Ni na ce ina so in taɓa 18 ko sau ɗaya, domin a ranar tsere abin da ban sani ba ya zama kilomita 3 kawai, ba 5 ba. Ya tambaye ni minti nawa nake cin kilomita ɗaya, na ce bakwai. Ya yi lissafi da yatsa a ƙasa, 18 sau 7, awa biyu da minti shida. Ya ce, "To, je ka. Da minti tara kake yi da ban yarda ba, domin da ka kusa awa uku a kan ƙafa. Ƙafa ba ta san kilomita ba, lokaci ta sani." Na yi 18 ɗin saura mako biyu, Asabar ta biye na yi 12, na huta.

Akwai ƙananan abubuwa da dogon gudun ya koya mini waɗanda gajere ba zai koya ba. Ana yin sa a hankali, yadda mutum zai iya hira da na kusa da shi. Bayan kamar awa ɗaya da rabi abincin da tsoka ta ajiye yakan soma ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi. Na gwada ayaba, ta dame mini ciki. Dabino ya karɓe ni, guda biyu kowane minti arba'in, da ruwa. Na gane safar da ke tayar mini da bororo tun a kilomita 14. Maganin hawan jinina kuwa ban fasa sha ba ko rana ɗaya, kuma duk wanda ke da irin ciwona ya ga likitansa kafin ya kwaikwaye ni.

Wani zai ce, daga 18 zuwa 21 ai ya wuce kashi 10 ɗin da nake wa'azi a kai. Gaskiya ne, kusan 17 ne. Amma kasadar nan sau ɗaya ake yin ta, da ƙafafun da suka huta mako biyu, a hanyar da aka tare motoci, ga ruwa a gefe, ga jama'a. In ma ciwo ya zo, bayan tseren zai zo, ba kafinsa ba.

Abin da ban shirya masa ba shi ne zafin Abuja. Mu a tudun Jos muna sama da mita 1,200, da asuba har rigar sanyi nake sawa. Can kuwa kafin ƙarfe takwas na jiƙe sharkaf. Na rage sauri tun daga kilomita 10. Da muka wuce alamar 18 na ce wa ɗana, "Daga nan ban san hanya ba." Ya ce, "Baba, ni na sani, biyo ni." A kilomita 19 na yi tafiya kamar minti biyu, ban kuwa ji kunya ba. Muka shiga layi cikin awa 2 da minti 34.

Na kira gida. Uwargida ba ta tambayi lokaci ba, ta ce, "Gwiwar fa?" Na lanƙwasa ta sau uku a gefen titi kafin in amsa. Ranar Lahadi ta biye na sauka daga matakalar majami'a da ƙafafuna, ko da yake a karkace, ina riƙe da bango.