Tsohuwar Land Rover da Lakar Bukkuyum

Idan ka baro Anka ka nufi Gummi, ka ratse zuwa ƙauyukan Bukkuyum da damina, nan za ka gane dalilin da ya sa ƙananan motocin tsere na Ingila irin su MG ba su da wurin zama a yankin: cikinsu kusan jan ƙasa yake yi. Motar Ingila da ta dace da wannan laka ita ce Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948.

Bodinta na alminiyam ne, saboda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa ba ya tsatsa. Amma firam ɗin da ke ɗauke da ita ƙarfe ne, in laka ta daɗe a kansa sai ya cinye. Mai son tayar da tsohuwa a gida, ƙarƙashinta zai fara leƙawa, fenti daga baya. Kayan gyara kuwa, a nufi Ƙofar Ruwa a Kano.

Wurin hattara shi ne batir. Dalma ce a cikinsa, gubar da ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da ake daka dutsen zinariya cikin gidaje. Kada ku fasa mataccen batir a tsakar gida inda ƙannenku ke rarrafe, ku mayar wa mai cajin batir.