Kunkurun gida da allurar raguna

Duk wanda ya tashi a tsofaffin gidajen Birni ko na Zango, a Damagaram, ya san ba baƙon abu ba ne ka shiga gida ka tarar da kunkuru kwance a gindin randa. Wasu sun ce yana kore sammu, wasu sun ce tsawon rai yake jawo wa maigida. Akasarin mutane dai gadonsa suka yi tare da soro da rijiya, ba su taɓa neman dalili ba. Irin da muke ajiyewa shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. In aka ɗebe na tsibiran Galapagos da na Aldabra, babu kunkurun tudu da ya kai shi girma a duniya, kuma babban namiji yakan haura kilo 50.

Sai dai kowa ya ɗauka kunkuru ba ya ciwo. Ba ya kuka, ba ya tari, ramarsa kuwa ɓoye take a cikin ƙoƙo. Akuya in ta rame, makwabta ma sai sun yi magana. Shi kuwa yana iya yin watanni yana ƙarewa, ana cewa halinsa ne.

Namu kakana ne ya zo da shi daga wajen Tanut, tun mahaifina bai yi aure ba. Da damina ta sauka a shekarar da nake ba da labari, lokacin da ya kamata ya fi kowa murna da ɗanyar ciyawa, sai ya rage ci. Idanunsa suka faɗa, kashinsa ya koma ruwa-ruwa. Ƙaramar ƴata ce, wadda ba ta da aiki sai binsa, ta zo ta ce akwai zare mai motsi a cikin kashin Baba Kunkuru. Na je na duba: ƴan ƙananan tsutsotsi farare, da kuma wata guda ɗaya doguwa, kamar silin taliya.

Kafin la'asar labari ya kai ga Kawu, wanda ya shekara talatin yana kiwon ragunan Layya. Ya shigo da ƴar kwalba da sirinji a aljihun riga.

Ya ce: «Ɗana, riƙe mini ƙafarsa ta baya. Wannan allura ba ta barin tsutsa ko kaska. Ragona na bara da ita ya tashi.»

Na ce: «Kawu, a yi mini haƙuri zuwa gobe, in ji ta bakin likita.»

Bai ji daɗi ba, don a ganinsa na fifita ɗan boko a kan furfura. Amma ya bar mini kwalbar, kuma ita na kai wa wani likitan dabbobi da muka yi makaranta tare. Yana karanta sunan da ke jikinta, ivermectine, ya ajiye ta nesa da hannuna. Ya ce: «Malam, da an yi masa wannan, da yanzu rami kuke haƙa.»

Abin da ya bayyana mini ya cancanci kowane malami ya sani, don mu ne ake tambaya a ƙauye idan babu likita. Wannan magani yana kashe tsutsa ne ta hanyar shanye mata jijiyoyi. A jikin rago da saniya da mutum akwai wani shinge da ke tsare ƙwaƙwalwa, ya hana maganin shiga. A jikin kunkuru shingen ba ya tare shi. Sai ƙafafu su saki, wuya ya langaɓe, numfashi ya gagara, ko da abin da aka ba shi bai taka kara ya karya ba. Maganin ya shiga kasuwar dabbobi a 1981, kuma tun 1983 likitocin dabbobi a Amurka suka wallafa gargaɗi a kan haɗarinsa ga kunkuru da danginsa, har da kififiya. Gargaɗin bai taɓa isowa rumfunan da ake sayar da kwalbar a kasuwanninmu ba.

Kada mai karatu ya zaci zagin maganin nake yi. Masanan da suka gano shi, William Campbell da Satoshi Omura, sun samu kyautar Nobel a 2015. Yana cikin abubuwan da suka taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar, a watan Janairun 2025, cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar makantar bakin kogi. Kawu yana da hujjar yarda da shi. Kuskuren kawai shi ne ɗaukar cewa abin da ya tayar da rago zai tayar da duk mai ƙafa huɗu.

Likitan ya ce in kawo masa kashin da bai kwana ba. Ya dama kaɗan, ya ɗiga a kan gilashi, ya sa a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ce in leƙa. Ƙwai iri biyu ne. Masu yawan na ƴan ƙananan tsutsotsin nan ne, kuma a nan ya ba ni mamaki: ya ce kusan duk kunkuru mai cin ciyawa yana ɗauke da su, kuma in ba su yi yawa ba, ba sa cutar da shi; wasu masana ma suna ganin suna taya shi narkar da ciyawa mai tauri. Ɗaya irin kuwa, dangin macijin ciki, shi ne abin tsoro, don yana ƙwace abinci, in ya taru kuma yana iya toshe hanji.

To me ya sa suka yi wa namu yawa? Amsar tana cikin tsakar gidanmu. Kunkurun daji, irin wanda har yanzu ake samu a yankin Termit, yana yawo mai nisa, ya ci nan, ya yi kashi can, rana ta ƙone ƙwan. Na gida kuwa shekara da shekaru yana zagaye taku ashirin. Inda ya yi kashi nan ake watsa masa ganye, kusa da randa inda ƙasa ba ta bushewa, sai ya haɗiye ƙwan da ya fitar jiya. Muna cewa muna girmama shi, alhali mun tsare shi a wurin da ba za mu ɗaure akuya ba. Ga shi kuma tun 2021 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, UICN, ta sa irinsa cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Wanda ke kwance a gindin randarka ba abin da za a maye gurbinsa cikin sauƙi ba ne.

Maganin da ya dace sunansa fenbendazole, kuma da nauyin dabba ake auna shi, don shi ma in ya zarce yana taɓa ɓargo ya rage jini. Sai da muka sa kunkurun a buhu, mu uku, muka kai shi ma'aunin wani mai sayen wake: kilo 34. Likitan ya yi lissafinsa, ya auna, ya rubuta ranar da za a maimaita bayan mako biyu. Saura ba shi. Wanda bai taɓa gwada buɗe bakin kunkuru ba bai san ƙarfi ba. Da ya ja kai ciki ya rufe da ƙafafun nan masu kaifi, shi ke nan. Inna ce ta warware matsalar. Ta ce a bar shi da yunwa yini guda, sannan ta yanko jan kankana, ta huda, ta zuba maganin a ciki. Ya cinye har ɓawo.

Cikin kunkuru ba ya gaggawa. Abin da ya ci yakan yi kwanaki da yawa kafin ya fito. Sai da muka kusan fid da rai sannan matattun tsutsotsin suka fara bayyana. A tsakanin nan kowace safiya muna zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi wanda bai kai masa hanci ba, don ya sha. Muka kwashe ƙasar saman makwancinsa muka zuba sabon rairayi, muka mayar da cin abincinsa kan faifan dutse a gefen da rana ke bugawa, harawa da ciyawa da yaɗiya, ba sauran tuwo ba. Aka ɗora wa yara sharar kashinsa kullum, da wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi, don kunkuru ko lafiyayye ne yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zawo da zazzaɓi.

Bayan mako shida na sake kai kashin. Ƙwan macijin ciki babu ko ɗaya. Na ƙananan kuwa akwai tsiraru, na ce ko za a ƙara magani. Likitan ya ce a bar masa su, nasa ne; in dawo da wani bayan kaka.