Gawayin Cikin Batir

Ina aji biyu a sakandare malamin kimiyya ya ba mu labarin Humphry Davy, Baturen Ingila da ya haɗa sandunan gawayi biyu da batir a farkon ƙarni na 19, haske ya tashi a tsakaninsu. Ya ce irin wannan fitila ce ta haska wasu titunan Paris a 1878, kuma da ita majigin silima na dā yake aiki. Mu kuwa a Augie wuta kan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Na ce ai ga magani.

Na tsinto matattun batiran tocila a bola, na fasa su, na zaro baƙar sandar da ke tsakiya, na feƙe bakinta kamar fensir. Maƙwabcinmu mai cajin waya ya ara mini batirin mota uku. Bayan isha'i na jona su a zaure, ƙanena yana tsugune kusa da ni.

Da sandunan suka taɓa juna na ɗan raba su, sai wani farin haske ya cika zauren, har tsagar bango ana gani. Sai dai ba ya jimawa. Gawayin yana cinyewa, tazarar tana buɗewa, hasken ya mutu. Dole hannu ya riƙa turo sandar a hankali. Na lura wadda ke jikin jan waya ta fi saurin ƙarewa, kusan ninki biyu, bakinta ya yi rami. Na rubuta a littafi ina jin kaina masani.

Abin da ban sani ba shi ne dalilin da ya sa mai walda yake rufe fuska da baƙin gilashi.

Cikin dare ƙanena ya farka da kuka. "Yaya, an zuba mini yashi a ido!" Nawa ma suna ta ruwa. Da asuba Baba ya ɗauke mu a babur zuwa asibiti a Argungu, bai ce mini uffan ba duk tsawon hanya. Kwana biyu yaron ya yi a ɗaki mai duhu kafin ya buɗe ido sosai.

Yanzu sola ce a gidanmu. Littafin yana nan cikin akwatina. Na auna yadda gawayi yake ƙarewa dalla-dalla, amma babu layi ɗaya a kan yaron da ke tsugune a gefena.