Galmi a goshin bazara

Wanda ya taso daga Ƙonni ya nufi Madawa, bisa babban titin da ya haɗa Yamai da Damagaram, zai wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu. Zai wuce Malbaza da gidan simintinta. Daga nan ko barci yake cikin mota, hancinsa zai tashe shi. Da warin albasa ya shigo ta taga, to, an iso Galmi. Kusan kilomita 500 ke nan daga Yamai, cikin jihar Tawa.

Kowane lokaci akwai albasa a Galmi. Amma mai son ya ga garin yana motsi, ya zo a ƙarshen Fabrairu ko cikin watan Maris.

Wannan lokaci ne mai ruɗarwa. Ɗari ya yi ban kwana, amma bai gama fita ƙofa ba. Bazara ta yi sallama, amma ba ta zauna ba tukuna. Da asuba za ka ga dattijo ya ƙudundune cikin bargo, yana miƙa hannu ga wutar mai shayi. Kafin hantsi ya ɗaga, shi ne kuma ke neman inuwar dogon yaro, yana fifita da hularsa. Bargo da mafici ɗaki guda suke kwana a wannan wata. Wata rana hazo ya dawo ya rufe tuddai, gobe kuma sama ta washe, guguwa ta riƙa yawo da ledoji a bakin titi. Mata ba su bukatar kalanda su san inda aka kwana. Man shanun da ya daskare cikin kwalba tun Disamba, ran da aka iske shi ya narke da kansa, an san zafi ya shigo.

Wajen 20 ga Maris dare da rana suke yin daidai, kowanne awa 12, a duniya baki ɗaya. A ƙasashen Turawa lokacin ne ƙanƙara take narkewa, itatuwa su yi toho, mutane su fito shan hantsi suna murna. A Galmi ba wanda ke murnar ganin rana. Kullum ƙara hawa take, inuwa tana gajarta. Zuwa ƙarshen Afrilu, mutum zai tsaya da tsakar rana inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa.

Cikin fadama

Tuddan da ke kewaye da garin duwatsu ne jajaye, ba ciyawa. Amma a sauka fadama, sai ido ya huta. Komai shar. Akwai madatsar ruwa, wadda mutane ke kira baraji, da aka gina a farkon shekarun 1980 tare da taimakon Jamus. Tana shayar da fili kamar hekta 250. Sauran manoma da rijiyoyi suke ban ruwa. Da can da guga da ƙwarya ake yi. Yanzu tun asuba ƙarar injin ban ruwa ke tada gari, ta riga zakara wani lokaci.

Albasar da ake tona yanzu tun bayan kaka aka fara wahalarta. An zuba iri, ya yi kwana 40 ko 45, aka cire aka dasa cikin fangali. Daga nan wata uku da wani abu ana ban ruwa, ana cire haki, ana faɗa da ƙwari. Duk wannan ruwa da ta sha, in ka gutsura sai ta sa ka hawaye. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Irin nan mai launin shuɗi-shuɗi da ja ya yi suna nesa. Ana sayar da shi cikin fakiti a ƙasashe da yawa na Afirka, an rubuta Violet de Galmi a kai. Akwai matan Abijan da Akara da ba su san inda Nijar take ba, amma sun san sunan Galmi.

Ranar tono, gida kaf ake fita. Maza suna tonowa, mata da yara suna yanke lawashi, amalanken jaki da na shanu suna kwasa. Ƴan ƙwadago suna zuwa daga ƙauyukan tudu, inda aikin gona ya ƙare tun kaka. A nan ake gane manomin da ya san aikinsa. Ba ya gaggawa. Sai ya ga lawashi ya kwanta da kansa, sannan ya yanke ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin ya tona. In zai yanke ganye, yana barin wuya kamar faɗin yatsa biyu ko uku. Ba ya barin albasa tsirara cikin rana, da ganyenta yake rufe ta har wuyan ya bushe. Mai gaggawa kuwa yana ban ruwa har jajibirin tono, don albasa ta yi nauyi. Ta yi nauyin, amma ruwa ne, kuma ruwa ba ya ajiyuwa. Haka wanda ya cika mata takin zamani, musamman farin nan. Za ta yi ƙato kamar kan jariri, ta burge mai kallo, ta ruɓe kafin damina.

A sayar ko a ajiye?

Ga inda maganar take. A watan Maris kowa ya tona. Galmi ta tona, Madawa ta tona, Tsarnawa ta tona. Buhuna sun yi layi a bakin titi, sai farashi ya faɗi. Albasar da ta kai Agusta ko Satumba kuwa kuɗinta yana ninkawa biyu, uku, wani lokaci fiye. Kowa ya san haka. To, me ya sa ake sayarwa yanzu?

Bashi ne. An ci bashin mai na injin, an ci na taki, an ci na iri. Wani hatsinsa ya kusa ƙarewa a rumbu. Wani yana da ɗiyar da zai aurar. Mai bin bashi kuma ya fi kowa sanin ranar tono. Wani lokaci kafin a cika buhun farko yana tsaye a bakin fangali, yana cewa: «Sannu da aiki, Malam. Wucewa kawai nake, na ce in gaishe ka.» Ba wanda ya taɓa wucewa ta tsakiyar fadama.

Sai kuma maganar buhu. Buhun albasa ba a ɗinke bakinsa yadda ake ɗinke na hatsi. Ana cika shi, a ɗora tsibi a kai, a ɗinka masa hula. Da hular yana wuce kilo 100 nesa. Manoma suna ba'a, suna cewa hular buhu ta fi rawanin sarki girma, kuma kowace shekara ƙara tsawo take. Ana dariya, amma abin da ke cikin hular nan gumin mutum ne. Manomin da ya shiga yaƙi da jahilci yana da makami a nan. Ya rubuta buhu nawa ya bayar, ga wa, ran nawa ga wata, a kan nawa. Dillali mai gaskiya ba ya jin haushin takarda.

Manyan motoci suna kwasa zuwa Gana, Kwadibuwa, Togo da sauransu. Tafiyar kwanaki ce cikin zafi, kowane tsaiko kuma hasara ne. An ga haka a 2023, da aka rufe iyakar Benin. Kaya suka daɗe a hanya, fatake suka yi hasara, abin ya dawo kan manomi.

Wanda ya samu ya riƙe wani kashi, a rudu yake zubawa. Rudu ɗan ɗaki ne na kara da shuci, an ɗaga shi bisa itace don kada ya taɓa ƙasa, iska tana shiga ta ko'ina. Amma rudu ba banki ba ne. Cikin watanni yana iya cinye kashi ɗaya cikin uku, ko fiye, in an yi sakaci. Masu dabara ba su zuba wadda fartanya ta sara, ko mai kaurin wuya. Waɗannan su ake fara sayarwa ko a ci. Ba su tara ta da zurfi. Bayan kowane mako biyu suna shiga su juya, su fitar da wadda ta fara laushi. Hanci ne ke nuna ta. Kuma tun yanzu suke gyara rufin, tun shuci bai yi tsada ba, don ruwan farko ba ya aiko manzo.

Cikin gida

Lawashin da aka yanke ba a zubar da shi. Mata suna daka shi, su cura, su shanya. Shi ne gabu. Yana wata da watanni bai lalace ba, ya gyara miya lokacin da ɗanyar albasa ta fi ƙarfin talaka. Tumatir ma yanzu yake araha. Ana yanka shi a shanya. Mai tsafta bisa tabarma take shanyawa, a kan rumfa, ba a ƙasa ba. Wadda ta shanya a ƙasa, mai gida zai gane da haƙorinsa.

Me ke sa hawaye in ana yanka albasa? Wani tururi ne ke fita daga cikinta in an raunata ta. In ya taɓa ruwan ido sai ya yi yaji. Wuƙa mai kaifi tana rage shi, don ba ta murƙushe naman. A jiƙa albasar cikin ruwan sanyi kafin a yanka, a zauna inda iska ke kaɗawa. Amaryar da ke kewar gida kuwa ba ta son wannan dabara. Albasa ce ke rufa mata asiri.

Ga mai son tumatir da tattasai su kwana biyu ba su yi yaushi ba, akwai dabarar tukunya cikin tukunya. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da rairayi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa. Ruwan da ke bushewa shi ke janye zafi. Wani malami ɗan Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta cikin ƙauyuka, har aka ba shi lambar yabo a 2000. Busasshiyar iskar Maris ita ta fi dacewa da ita. Amma kada a sa albasa ciki. Ita bushewa take so.

Akwai wata al'ada da ba a Galmi kaɗai ake yi ba. In zafi ya shigo, sai a yanka albasa a ajiye a kusurwar ɗaki, wai tana tsotse sanƙarau. Ba ta tsotse komai. In da tana yi, da asibitin Galmi, wanda ƴan mishan suka buɗe a 1950, bai taɓa ganin mai sanƙarau ba. Cutar ta numfashi take bi, tana son ƙura da zafi da ɗakin da aka cunkushe aka rufe. Allurar rigakafi ce ke tare ta. Wadda aka fara yi wa jama'a a 2010 ta karya ƙarfin iri guda, amma a 2015 wani irin ya ɓarke a Yamai da wasu jihohi. Don haka in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya ƙage, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, a kai shi gidan likita ran nan. Ba a jira gobe, ba a jira a gama tono.

Masu dabbobi

Makiyayi ma yana da rabonsa a wannan wata, sai dai ba mai yawa ba. Karan gonaki ya ƙare, tabkuna sun ƙafe, igiyar rijiya tana ƙara tsawo. Damin harawar da aka yi wa kallon banza da kaka, yanzu sai an yi ciniki. Wanda ya ajiye tasa bisa rumfa, nesa da gara da murhu, shi ke dariya.

Gawo ne ke taimako. Yawancin itatuwa da damina suke ganye, shi kuwa da rani yake nasa. Yanzu ne ƴaƴansa suke faɗowa. Akuya tana jin faɗuwarsu daga nesa, ta ruga a guje. Dabbobi suna kwana a gindinsa, su bar taki, shi ya sa hatsin gindin gawo yake fin na gefe. Mai sassabe ya bar ƙananan da suka tsiro.

Inda ake samun rigima shi ne bakin fadama. Saniya ta yini tana lasar ƙasa, ga shar a gabanta. Wani ya tona, maƙwabcinsa bai tona ba. Wuraren da ake zaman lafiya, manoma suna faɗa wa makiyaya fangalin da aka gama kwashewa, a bar musu hanyar zuwa ruwa.

Da magariba zafi ya ɗan sauka. Samari sun fara fitar da tabarmi waje, tsofaffi suna cewa da saura, sanyin asuba bai mutu ba. Taurarin Kaza da ƴaƴanta sun karkata yamma. Nan da ƴan makonni za su ɓace, ba za a sake ganinsu ba sai da asuba, a bakin damina. Shamuwa ba ta iso ba tukuna. Ƴan bida da suka tafi Abijan da Legas ma ba su dawo ba, sai dai saƙo ta waya cewa a fara kai taki gona. A bakin titi kuwa aiki bai tsaya ba. Da dare ake lodi, don masu dako sun fi son duhu da rana. Mutum huɗu ke ɗaga buhu guda su ɗora wa na biyar a kai, ya hau katako da shi zuwa cikin mota.