KWANA ARBA'IN, ABU ARBA'IN

Yau hirarmu a kan hannu ce, hannun nan naki da yake tuƙa tuwo ya yi wanki ya yi wa yara kitso, amma idan aka tambaye ki sana'arki sai ki ce, "Ni ba na komai." Mu da yawa mun iya saƙa tun muna makaranta, wata ta iya shirya jigida, wata ɗinkin hula. Iyawar tana nan, ɗorewar ce babu. A fara hular jariri da zumuɗi, a jefa ta ƙasan akwati, sai jaririn ya yi wayo har ana aikensa kanti hular ba ta ƙare ba.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Tsohuwa takan gurje auduga ta cire gurya, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, kullum ta Allah sai ta yi kaɗi ko da kaɗan ne. Da wannan zaren masaƙa suka yi saƙi, marina suka rine. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. To wa ya kaɗa zaren? Mata ne a cikin gidajensu. Daga baya masana'antu suka zo, irin masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, zaren inji ya cika kasuwa, mazari ya koma kayan tarihi. Mazarin ya tafi, amma ɗabi'ar nan ta kullum a taɓa wani abu bai kamata ta bi shi ba.

Ni abin da ya kai ni ga gwadawa matsi ne. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, komai na kasuwa ya bi bayanta, har da takarda. Ina da labari a rubuce, littafin makaranta huɗu cike, amma ba kuɗin kai wa maɗaba'a. Maigida kuwa albashinsa ko wata ba ya kaiwa, ina ni ina ce masa ya ba ni kuɗin buga littafi alhali ana lissafin kwanon masara? Marubuciyar da littafinta ya daɗe bai fito ba kuwa, masu karatu mantawa suke yi da ita.

Sai na ɗaukar wa kaina alkawari: daga 1 ga Satumba zuwa 10 ga Oktoba, kwana arba'in cif kamar na wankan jego, ba zan kwanta barci ba sai na gama abu ɗaya da hannuna. Ƙa'idar uku ce. Na ɗaya, abin ya zama gamamme, wanda za a iya ɗauka a saka. Na biyu, babban aiki a raba shi, kamar rigar sanyin jariri: baya rana ɗaya, gaba rana ɗaya, hannuwa rana ɗaya, haɗawa da maɓalli rana ɗaya. Na uku, in rana ta kuɓuce ba a ramawa gobe da biyu, sai dai a koma farko. Wannan ta ukun ita ce bulalar.

Na zaɓi Satumba ne da gangan. Kayan ulu kasuwarsu hunturu ce, daga Disamba zuwa Fabrairu. Wadda ta jira sai hazo ya sauka sannan ta nemi kwarashi, wasu sun riga ta cin kasuwar.

Jarina bai taka kara ya karya ba: ulu ƙulli shida, kwarashi biyu, babba da ƙarami, ƙaramar fulaya, zaren roba irin na fatsa, sai duwatsun ado da na sayo a kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A can ne za ki ga bambancin dutsen roba mara nauyi da na gilashi irin wanda Nupawan Bidda suka yi suna da shi. Na roba ya fi arha, na gilashi ya fi sheƙi da daɗewa.

Makon farko daɗi kamar me. Na biyu yatsu suka fara tsami, wuya ya ƙage. Maigida ya shigo ya ga ulu har kan filo, ya ce, "Wai ke wannan abin naki ba ya da Juma'a ne?" Na ce, "Malam, cikin yaran nan ma ai ba ya da Juma'a." Ya yi dariya, washegari ya dawo min da fitila mai caji, don ya ga idan wuta ta ɗauke da tocila nake ƙarasawa.

Rana ta goma sha bakwai ita ce jarrabawa. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar min da autata, muka wuni a asibiti ana ƙarin ruwa. Wallahi ko kallon ulu ba na son yi. Da dare ya yi jikinta ya yi sanyi ta samu barci, na zaro kwarashi daga jaka na saƙa ɗan abin ɗaure gashi, bai fi minti ashirin ba. Matar da take jinya a gadon kusa da mu ta ce, "Yaya, har a nan ma?" Na ce har a nan. Kafin a sallame mu ta ba ni aikin hula biyu na jikokinta. Ranar na gane amfanin ƙaramin abu: shi yake riƙe igiyar kada ta tsinke.

Ga kaɗan daga abin da ya kamata mai farawa ta sani. Mafi yawan ulun kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne, saboda haka kada ki ɗora masa dutsen guga mai zafi, narkewa yake yi. Ki wanke da ruwan sanyi, ki shimfiɗa a tabarma ya bushe, in kika rataya a igiya miƙewa zai yi. Kayan jariri kada ki saka musu duwatsu ko kaɗan, domin yaro yakan tsinke ya kai baki ya shaƙe. Safar jariri ki juya cikinta ki soke duk wani bakin zare, don sakakken zare yakan naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu. Jigida ki auna ƙugu da igiya tukuna, ki ruɓanya zaren, ki yi ƙulli uku. 'Yan kunne kuwa ki tambayi mai saye ko kunnenta yana ƙin ƙarfe, domin akwai wani ƙarfe, nikel, da yake sa wasu ƙaiƙayi har kunne ya yi ruwa.

Sai maganar da ta fi ciwo, wato kuɗi. Na ware littafi guda na ja layi uku: abin da na kashe, lokacin da aikin ya ci, da abin da na sayar. Yawancinmu kuɗin zare kawai muke lissafawa, mu manta da idonmu da bayanmu, shi ya sa sana'ar take mutuwa. Ga kuma dangi: "Haba, ɗan wannan abin za ki karɓi kuɗina?" Ba na faɗa da kowa. Cikin kowane goma nakan ware ɗaya na kyauta, ni nake zaɓar wadda zan ba, sauran tara kuwa kuɗi hannu. Wadda ta ji haushi ta huce, ai kantin ulun ma ba kyauta ya ba ni ba.

Ranar 10 ga Oktoba na baje kayan a gado na ƙirga: safa ƙafa goma sha biyu, hula takwas, rigar sanyi biyu, jigida shida, 'yan kunne huɗu, abin ɗaure gashi biyu. Zuwa ƙarshen hunturu duk sun ƙare, a gidajen suna da biki da makarantar Islamiyyarmu. Kada ki zaci na yi arziki. Kuɗin ba su isa buga littafi ba, amma sun biya mai buga rubutun a kwamfuta, sun kuma zama kafin alƙalami a wurin mai maɗaba'a. Ragowar adashi ya cike, littafin ya fito a 2024. Da yayyafi kogi kan cika.

To 'yar uwa, ba sai kin yi arba'in ba. Fara da kwana bakwai. Buɗe akwatin nan ki zaro aikin da kika bari a rabi, shi ne na ranar farko. Ki samu ƙawa ko maƙwabciya ko abokiyar zama, kullum bayan la'asar kowa ta nuna wa 'yar uwarta nata, domin kunyar ido tana tayar da rago. Ke kuma budurwa, kafin ki tare ki tabbata cikin kayanki akwai sana'a, don gado da kwano tsufa suke yi, abin da hannu ya iya kuwa tare kuke tafiya duk inda aka kai ki.

Allah Ya sa wa hannuwanmu albarka, Ya rufa mana asiri. Mu haɗu a shafi na gaba.

Taku har kullum.